Akwatunan Taku na Jitar Bes: Yadda Su Ke Aiki da Yadda A Ke Zaɓensu

Duk wanda ya taɓa kallon ƙungiyar makaɗan zamani, ko a dandali ko a talabijin, zai tuna da wani makaɗi da ya kan tsaya can baya kusa da mai ganga, rataye da jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri. Wannan ita ce jitar bes, watau jita mai kaurin murya. Wanda ya ƙura ido kuwa zai ga a gaban ƙafar makaɗin an jera waɗansu ƙananan akwatuna na ƙarfe, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an haɗa su da waya kamar raƙuman ayari. Jifa-jifa sai ya kai ƙafa ya taka ɗaya, nan take muryar jitar ta sake, ta yi gurnani, ko ta yi amsa-kuwwa, ko ta yi kamar mutum na magana ta hanci. Turawa suna kiran waɗannan akwatuna feda, kamar fedar keke, saboda da ƙafa a ke sarrafa su, tun da hannu biyu suna bakin aiki.

Irinsu a kantunan kayan kiɗa sun kai ɗaruruwa, kowane kamfani yana yabon nasa. Amma mai bes yana da wata damuwa wadda mai jita ta sosai ba shi da ita. Muryarsa ita ce harsashin kiɗan duka, a kanta mawaƙi ya ke dogara, da ita masu rawa su ke ɗaga ƙafa. Akwatin da aka saya ba da sani ba ya kan kwashe wannan kauri, makaɗi ya taka shi a tsakiyar waƙa, sai a ji kiɗan ya zama holoƙo, kamar an janye ginshiƙi daga ƙarƙashin soro. Ga asarar kuɗi, ga kunya a gaban jama'a. Dalilin wannan kuwa yana cikin ilmin sauti da na lantarki, kuma wanda ya fahimce shi zai iya zaɓe da hankalinsa.

UWAR MURYA DA 'YA'YANTA

Kowane sauti karkarwa ce. Idan aka ja tsirkiya aka saki, sai ta riƙa kai da kawowa, tana tura iska, iskar kuwa ta kai wa kunne. Gwargwadon saurin karkarwar, gwargwadon sirantakar muryar. Kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da ke karkarwa tun daga sau 20 har sau 20,000 a sakan guda. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita ta sosai tana karkarwa wajen sau 82 a sakan. Ta bes kuwa rabin wannan ce, watau sau 41. Sauran ukun su ne 55, da 73, da 98. Akwai bes mai tsirkiya biyar, wadda ta biyar ɗin ta ke sauka har wajen 31, dab da iyakar jin ɗan Adam. Duk lokacin da aka ninka yawan karkarwa biyu, murya ta hau bene guda, in an raba biyu ta sauka bene guda. Ashe ke nan bes tana zaune bene guda ne a ƙarƙashin jita.

Sai dai tsirkiya ba ta karkarwa iri ɗaya tak. Yayin da dukan tsawonta ke lilo sau 41, rabinta yana yin nasa sau 82, sulusinta sau 124, rubu'inta sau 165, haka har sama. Ta farkon ita ce uwar murya, sauran kuwa 'ya'yanta ne. Wani masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya nuna cikin littafinsa na 1822 cewa kowace irin karkarwa mai maimaita kanta ana iya rarrabe ta zuwa irin waɗannan sassa. Yawan 'ya'yan da ƙarfin kowannensu shi ke bambanta muryar goge da ta sarewa, ko da suna kan murya ɗaya.

Masu sauraron rediyo sun daɗe suna cin moriyar wannan al'amari ba tare da sun lura ba. 'Yar lasifikar ƙaramin akwatin rediyo, ko ta wayar hannu, ba ta da ikon fitar da karkarwa 41, domin hakan sai lasifika mai faɗi wadda ke tura iska mai yawa. Duk da haka mutum yana jin bes a cikinta. Abin da ke faruwa shi ne 'ya'yan muryar ne ke fitowa, ƙwaƙwalwa kuwa da ta ji 82, da 124, da 165, sai ta gane uwarsu, ta cike gurbin da kanta. Wani Bajamushe, August Seebeck, ya lura da wannan tun 1841. Kusan dukan aikin akwatunan taku a kan wannan ya tsaya: wani ya ƙara 'ya'ya, wani ya tace su, wani ya jinkirta su. Tambayar mai bes kullum ita ce, ina aka bar uwar?

DAGA TSIRKIYA ZUWA LASIFIKA

Jitar bes ba ta da ƙoƙo mai amsa murya irin na molo ko garaya, katako ne tsintsa. A ƙarƙashin tsirkiyoyin an dasa maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi karkarwa a bisansa, sai ɗan ƙarfin lantarki ya taso cikin wayar, yana hawa da sauka daidai da motsin tsirkiyar. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a London cikin 1831. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera irin wannan jita a birnin Seattle cikin shekarun 1930, amma ba ta yaɗu ba sai da Leo Fender ya fito da tasa, Precision Bass, a Kalifoniya cikin 1951.

Lantarkin da ke fitowa daga jitar kaɗan ne ƙwarai, bai isa motsa lasifika ba sai an bi da shi ta amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. To, a kan hanyar nan, tsakanin jita da amfilifaya, akwatunan taku su ke zama. Abin da ya sa aka iya ƙera su ƙanana haka kuwa shi ne taransista, wadda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell na Amurka cikin 1947. Kafin ita sai bawul, watau kwalaben nan masu zafi na cikin tsofaffin akwatunan rediyo, masu cin wuta da saurin fashewa.

KUSKUREN DA YA ZAMA SANA'A

Abin mamaki, akwatin kaushin murya na farko da ya yi suna a duniya daga muryar bes aka samo shi. Cikin 1960, a wani ɗakin ɗaukar murya na birnin Nashville, mawaƙi Marty Robbins yana ɗaukar waƙarsa mai suna Don't Worry. Makaɗi Grady Martin yana kaɗa bes mai tsirkiya shida, sai sashen na'urar da muryarsa ke bi ya sami matsala, muryar ta fito da kaushi da ziza. Maimakon a sake ɗauka, sai aka bar ta haka. Faifan ya fito cikin 1961, ya yi kasuwa, makaɗa suka riƙa zuwa neman wannan murya. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, tare da abokin aikinsa Revis Hobbs, suka harhaɗa taransista uku don su kwaikwayi ɓarnar da gangan. Kamfanin Gibson ya karɓa, ya fara sayar da shi cikin 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Da fari ciniki bai yi auki ba, sai cikin 1965, da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da shi a waƙar Satisfaction, aka yi ta rububinsa. A shekarar nan kuma Paul McCartney na Beatles ya sa irin wannan murya a bes cikin waƙar Think for Yourself. Cikin 1968 Larry Graham ya yi haka a ƙungiyar Sly and the Family Stone.

Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan kaushi. Tsirkiyar da a ke ɗaurawa a kan fatar ganga don ta riƙa ziza, da muryar algaita mai ratsa taro, duk neman abu ɗaya ne, watau ƙarin 'ya'yan murya, don sauti ya keta hayaniya ya isa nesa.

Yadda akwatin ke yi kuwa mai sauƙin ganewa ne. Taransista tana da iyakar ƙarfin da za ta iya fitarwa. Idan aka matsa mata fiye da kima, sai ƙololuwar kowace karkarwa ta yanke, kamar dogon mutum da aka tilasta wa tsayawa a gajeren ɗaki. Karkarwar da aka yanke wa kai kuwa, bisa ga lissafin Fourier, cike ta ke da sababbin 'ya'ya. In yankan kaɗan ne, muryar ta yi ɗumi da ɗan gurnani, shi a ke kira obadiraif. In ya ƙaru ta yi kaifi, shi ne distoshan. In an yanke ƙwarai har karkarwar ta zama mai kusurwa huɗu, shi ne faz. Amfaninsa ga mai bes a bayyane ya ke: ƙarin 'ya'ya yana sa a ji shi a ƙaramar lasifika, kuma jita da ganga ba su danne shi ba.

INDA KAURI KE ƁACEWA

Matsalar ita ce yawancin waɗannan akwatuna don jita ta sosai aka ƙera su. Masu ƙira sun san cewa idan aka yanke karkarwa masu kauri da yawa a tare, sauti ya kan dagule kamar ruwan kududdufi. Saboda haka su kan sa wata 'yar rariya ta lantarki, mai suna kafasita, a ƙofar akwatin, ta tare murya mai kauri ta bar siririya ta wuce. Misali, akwatin Tube Screamer na kamfanin Ibanez na Japan, wanda ya fito wajen 1979, masu jita kuma suna ji da shi har yau, yana rage ƙarfin abin da ke ƙasa da karkarwa 720 kafin ya yanke. Ga mai jita wannan gyara ne. Ga mai bes, wanda uwar muryarsa ke 41, ɓarna ce.

Maganin da aka samo shi ne a raba muryar gida biyu. Kashi ɗaya ya bi ta cikin mayankar ya fito da kaushi, ɗayan ya zagaya ta gefe ba a taɓa shi ba, sa'an nan a gauraya su a ƙofar fita. A kan sa abin murɗawa guda don makaɗi ya auna yawan kowanne. Waɗansu ma su kan tace tun farko, su aika da 'ya'ya kaɗai wurin yanka, uwa ta wuce lafiya. Kamfanin Tech 21, wanda ya fito da SansAmp cikin 1989, sa'an nan ya yi na bes cikin shekarun 1990, yana da wannan abin gaurayawa. Haka kuma Darkglass na birnin Helsinki a ƙasar Finland, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Chile, Douglas Castro, ya kafa. Electro-Harmonix na New York, masu akwatin Big Muff da aka sani tun wajen 1970, su ma daga baya sun fitar da irinsa na bes. Abu na farko ke nan da mai saye zai duba: akwai hanyar da muryar asali za ta bi ta fita, ko babu?

SAURAN DANGI

Akwai akwatin da jama'a ba su lura da aikinsa, amma masu sana'a da yawa sun fi dogara gare shi. Sunansa kwamfaresa, watau madaidaicin ƙarfi. Yatsan mutum ba ya jan tsirkiya da ƙarfi ɗaya kullum, kuma tsirkiya mai kauri ta fi siririya amo. Wannan akwati yana sauraren muryar, in ta wuce wata iyaka sai ya rage ta. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Idan an saita akwatin a huɗu bisa ɗaya, to, kowane ƙarin desibel 4 da ya shiga bayan iyakar, desibel 1 kaɗai zai fito. Bayan an danne masu ƙarfi sai a ɗaga duka baki ɗaya, marasa ƙarfi su fito fili. Abin lura gare shi biyu ne. In ya cika saurin damƙa, sai ya haɗiye ɗan ƙaran nan na farkon bugu, wanda shi ke ba kiɗa rai. Kuma yayin da ya ke ɗaga marasa ƙarfi, har da shuuu ɗin waya ya ke ɗagawa. Mai kyau shi ne wanda ke da 'yan fitilu masu nuna yawan abin da ya ke dannewa, da abin saita saurin damƙarsa.

Sai akwatin bene, wanda ke ƙara wata murya bene guda a ƙarƙashin wadda aka kaɗa. Wanda ya fi suna shi ne OC-2 na kamfanin Boss na Japan, na 1982, wanda makaɗi Pino Palladino, mutumin Wales, ya shahara da shi. Dabararsa ƙidaya ce: duk karkarwa biyu da suka shiga, sai ya fitar da ɗaya. Daga nan iyakarsa ta fito. Murya ɗaya kaɗai ya ke iya ƙirgawa, in an kaɗa tsirkiya biyu tare sai ya rikice. Kuma rabin 41 bai kai 21 ba, watau bakin iyakar ji, lasifika kaɗan ce za ta iya fitar da shi. Don haka masu amfani da shi su kan kaɗa can tsakiyar wuyan jitar, su bar akwatin ya cike ƙasa. Na zamani masu aiki da lissafin kwamfuta suna iya bin murya fiye da ɗaya, amma makaɗa da yawa sun fi son kaurin tsohon.

Na uku su ne matatai. Idan mutum ya riƙe murya ɗaya ya ce "u", sa'an nan ya buɗe baki a hankali ya koma "a", muryar ba ta hau ba, ba ta sauka ba, kogon bakinsa ne ya sake 'ya'yan da ya ke ƙarfafawa. Haka akwatin wa-wa ya ke yi, kuma daga kukansa ya sami wannan suna, ba daga wauta ba. Injiniya Brad Plunkett ya ƙera shi a Kalifoniya cikin 1966, ana lanƙwasa shi da ƙafa kamar totur na mota. Cliff Burton na ƙungiyar Metallica ya haɗa shi da kaushi a bes, aka ji shi a faifansu na 1983. Akwai kuma ƙaninsa wanda ba ya bukatar lanƙwasa, ƙarfin yatsan makaɗi ne ke buɗe matatar: in ya ja da ƙarfi ta wage, in muryar ta lafa ta rufe. Mu-Tron III na 1972 shi ne uban wannan iri, Bootsy Collins kuwa shi ya sa duniya ta san shi a bes. A nan ma haɗarin ɗaya ne. Matatar da ke barin tsakiya kaɗai ta wuce tana zubar da uwa. Wadda ta dace da bes ita ce mai rufe sama ta bar ƙasa a buɗe.

Na huɗu su ne masu jinkiri. Cikin 1969 injiniyoyin kamfanin Philips na ƙasar Holan suka ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai miƙa lantarki daga ɗaki zuwa ɗaki, kamar mutanen da suka yi layi suna miƙa wa juna bokitin ruwa wurin kashe gobara. Kafin muryar ta kai ƙarshen layi ta makara. In jinkirin mai tsawo ne, sai a ji amsa-kuwwa. In kuwa ɗan kaɗan ne, kamar kashi 20 cikin 1,000 na sakan, kuma ana ɗan tsawaita shi ana gajarta shi, sai a ji kamar jita biyu ke kiɗa tare. Wannan shi ne koras, wanda Boss ya fitar a akwatin taku cikin 1976, kuma da irinsa aka san Peter Hook na birnin Manchester. Aibinsa shi ne, idan karkarwa biyu suka haɗu, ɗaya tana tura iska ɗaya tana janye ta, sai su kashe juna, kaurin ya riƙa zuwa yana ɓacewa. Koras ɗin da aka yi don bes yana da abin murɗawa mai tsame murya mai kauri daga wannan wasa.

A ƙarshe akwai manyan akwatuna masu kwamfuta a ciki, waɗanda ke auna muryar sau 44,100 ko 48,000 a sakan, su mai da ita lambobi, su kwaikwayi duk waɗanda aka ambata. Ga mai koyo wanda bai san abin da ya ke so ba tukuna, sayen irin wannan guda ɗaya ya fi tara akwati biyar sauƙi. Lissafin ya kan jawo ɗan jinkiri, amma sauti kansa yana tafiyar wajen santimita 34 ne a kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, don haka jinkirin kashi uku bai wuce mutum ya ja da baya mita guda daga lasifika ba.

JERI DA WUTA

Kowane akwati abin da na gabansa ya miƙo masa ya ke sarrafawa, saboda haka jeri yana da ƙa'ida. Akwatin bene yana son murya tsabtatacciya don ya ƙirga daidai, sai a sa shi kusa da jita. Matata mai bin ƙarfin yatsa tana rayuwa ne da bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi, in aka sa kwamfaresa a gabanta ya baje wannan bambanci, ta zama ba ta da abin bi. Masu kaushi su biyo baya, masu jinkiri su zo ƙarshe, domin amsa-kuwwar gurnani tana da daɗi, amma gurnanin amsa-kuwwa hargitsi ne.

Doguwar waya ita ma tana cin 'ya'yan murya na sama, musamman ga bes wadda ba ta da batir a cikinta. Waɗansu akwatuna suna da ɗan amfilifaya mai riƙe muryar ko an kashe su, waɗansu kuwa in an kashe su waya ce kawai. Wanda ya jera akwati da yawa yana bukatar aƙalla guda na irin farkon a bakin layi.

Yawancinsu bolt 9 su ke ci, kuma bisa al'adar da Boss ya shimfiɗa, tsinken tsakiya na abin cusawa shi ne ƙafar ragi. Wannan ya saba wa kayan gida da yawa, kuma cusa wutar da aka juya tana iya ƙona akwati nan take. Akwatin kaushi na tsohon yayi wuta kaɗan ya ke sha, mai kwamfuta kuwa ya kan sha ninkinsa goma ko fiye, sai a duba abin da aka rubuta a jikinsa. Wutar gida tana juyawa sau 50 a sakan a Ingila, da Gana, da Kamaru, da Sudan, sau 60 a Amurka da Saudiyya. In ta yoyo cikin waya sai a ji ƙugi, kuma ƙugin nan yana zaune a tsakiyar gidan bes, tsakanin 41 da 98. Ba yadda za a tace shi ba a taɓa kiɗan ba, maganinsa wuta mai tsabta da waya mai kyau. Mazauna Hartum, ko Jidda, ko Injamena su ƙara lura da abu ɗaya. Taransistar jamaniyam, irin ta faz na farko, zafi yana sake halinta, akwatin da ya yi daɗi da asuba yana iya shaƙewa da azahar. Ta silikon ta fi jure rana.

YADDA A KE GWADAWA

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani. Sai dai kunne ma ana yaudararsa. Cikin 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin murya mai kauri sosai in sauti a hankali ya ke, amma da an ƙara ƙarfi sai ta fito. Ma'anar wannan ga mai saye babba ce: cikin akwati biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi zai yi kamar ya fi kauri da daɗi, ko da ba haka ba ne. Ƙa'ida ta farko ke nan, a daidaita ƙarfin su biyun, da kuma ƙarfin muryar sa'ad da akwati ke kunne da sa'ad da ya ke kashe, kafin a yanke hukunci.

Ta biyu, mutum ya tafi da jitarsa. Bes mai batir a ciki ta kan fitar da lantarki fiye da marar batir, kuma faz da matata suna amsa kowacce daban. Ta uku, ya kaɗa tsirkiyar da ta fi kauri a sake, ya taka ya kashe, ya taka ya kashe, yana sauraren ƙasa, ba ƙyalƙyalin sama ba. Ta huɗu, ya juya baya, abokinsa ya riƙa sauya akwatunan ba tare da ya faɗa masa wanne ne ba. Haka masana ke gwada magani, don kada suna, ko tsada, ko kyawun fenti su rinjayi hukunci. Sau da yawa a irin wannan gwaji a kan kasa bambance mai araha da mai tsada, domin da yawa daga cikinsu tsarin wayarsu na ciki ɗaya ne. Inda kuɗi ya kan nuna kansa shi ne ƙarkon maɓallin da za a taka sau dubbai, da ƙwarin jikin akwatin, da rashin shuuu.

Ta biyar ita ce mafi girma, a gwada shi cikin ƙungiya. Muryar da ta cika ɗaki sa'ad da mutum ke shi kaɗai ta kan nutse da zarar ganga da jita sun shigo, wadda kuwa ta yi kamar ta cika kaushi ita kaɗai sai ta zauna daidai a cikin taro. Faifan talla da aka saurara ta wayar hannu ba shaida ba ne, tun da an riga an ga cewa lasifikarta ba ta fitar da uwar murya, abin da a ke neman sani kuwa shi ne ko uwar tana nan.

Makaɗi ya kuma kula da kunnensa a wurin gwaji. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar desibel 85 ga awa 8, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, wanda dandalin kiɗa ya kan kai, minti 15 ke nan. Akwatin da ya lalace ana gyara shi ko a sake wani, jijiyar ji kuwa in ta mutu ba ta tsirowa.

Wanda zai fara tarawa, to, ya fara da abin saita tsirkiya, domin ba akwatin da ke gyara muryar da ta karkace. Sa'an nan ya tambayi kansa abin da ke damun kiɗansa. In bugunsa ne ba ya daidaita, kwamfaresa. In ba a jinsa a cikin taro, ɗan kaushi mai abin gaurayawa. In ƙungiyar ce ba ta da yawa, ana son cike fili, akwatin bene. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayan Motown na birnin Detroit cikin shekarun 1960, da yatsa guda ya ke jan tsirkiyar Precision Bass ɗinsa, ba a kuma san shi da jerin akwatuna a gaban ƙafa ba, amma har yau masu koyo suna nazarin bugunsa.